A Buɗe Mini Ƙofar Lambun Gidan Zanna Kafin Itatuwan Su Mutu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gyaran Tsohon Gidan Zanna da ke Yerwa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya kai da iyali. Sau huɗu ina zuwa ofishinka ana cewa ka fita, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Sunana Garba. Mahaifina Bakano ne, marigayi Zanna ya ɗauko shi ya tsara masa lambun gidan nan: fili huɗu, hanyoyin jan bulo a tsakaninsu, rijiya a tsakiya. Shi ya dasa dabino, lemun tsami, rumman da lalle. A ɗakin bayan lambun aka haife ni, kuma na gaji aikinsa. A shekarun tashin hankali 'ya'yan gidan suka watse, masu gudun hijira suka cika soraye, amma ko reshe ɗaya ba a sare an yi girki da shi ba, domin roƙonsu na yi, suka ji. Da ambaliya ta kayar da katangar gabas, da hannuna na kwashe laka daga gindin kowace bishiya. Ranar da na ji za ku gyara gidan, na yi kukan murna.

Ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya, mako uku ke nan da ɗan kwangilarku ya sauya kwaɗon ƙofar lambu. Na ce masa bazara ce, rumman ba ya jure ƙishi. Ya ce sunana ba ya cikin takardarsa.

Na biyu, an rufe bakin rijiyar da kankare, wai don kada baƙi su faɗa. Tun da aka haƙa ta ko akuya ba ta taɓa faɗawa ba.

Na uku, wani birkila ya nuna mini taswirar aikin. Inda lemun yake za a shimfiɗa tayil, a dasa ciyawar Turawa. Ranka ya daɗe, wane tarihi ake gyarawa idan an tumɓuke abin da ya rage da rai a cikinsa?

Yanzu kullum da safe nakan jingina tsani a bayan katanga, in hau da bokiti in watsa ruwa ciki. Ga shi shekaruna sun haura saba'in. Bishiya biyu kaɗai ruwan ke kaiwa. Sauran ina kallon ganyensu yana zuba.

Ba albashi nake nema ba. Ina roƙo a ba ni makulli ko na awa ɗaya a rana, a ɗaga murfin rijiya, kuma ka zo da kanka ka gani kafin a sa gatari.

Ya Falmata, uwargidan marigayi, tana nan da rai a gidan 'yarta, idonta ya tafi. Kowace Juma'a ina kai mata ganyen lemu ta murza ta shinshina. Wancan mako na kai mata na maƙwabta, ta riƙe shi jim kaɗan ta ce, "Garba, wannan ba namu ba ne." Idan kun ƙudura sarewa, ku je ku gaya mata da bakinku, ni dai na kasa.

Allah ya ja kwananka, ya sa ka gama da aikin nan lafiya.

Wassalam,
Garba mai lambu, Yerwa.