Ruwan Rijiyar Layinmu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara wa mai ɗakinka sauƙi. Inna tana nan da ƙafarta, kullum sai ta tambaye ka.

"Ki ba ni wata ɗaya, Yaya, zan gaya miki mai laifi." Haka ka ce a bakin rijiya, kana rufe kwalaben ruwan da ka ɗiba don gwaji kamar mai ɗaukar turare. Damina ta zo ta wuce, ruwan yana nan da warin ruɓaɓɓen ƙwai, kai kuma waya ta zama maka dodo.

Kai ka zaunar da ni ka ce farar wuta ce ke kawo warin, tana da mai nauyi da marar nauyi, kuma yadda suka gauraya a ruwa shi ke nuna asalinta, ko daga dutsen ƙasa ta fito ko daga ruwan batir. Na karanta takardun da ka bari har ƙarshe, na gane. Aikin ba ya cin damina guda.

Ga abin da shirunka ya jawo. Maƙwabta sun yanke cewa shagon gyaran batir na Yaya Babba ne ya lalata rijiyar. Tela ya daina amsa masa sallama, mai gidan haya ya ce ya kwashe kayansa ƙarshen wata. Mutumin da ya goya ka zuwa makaranta yanzu ta ƙofar baya yake shiga gida.

Na san ka, Auta. Ba mantuwa ka yi ba. Ina zaton sakamakon yana hannunka, kuma bai yi maka daɗi ba. Idan haka ne, na tausaya maka, abin da nauyi. Amma shi kansa ya ce mini in laifinsa ne yana so ya sani, don jikokinsa ma ruwan nan suke sha. Ba rufa masa asiri kake yi ba, rataye shi ka yi.

Kwalabe biyu da ka manta suna cikin firij kusa da maganin Inna. In Juma'ar ƙarshen wata ta yi ban ji daga gare ka ba, zan saka su a jaka in kai wa tsohon malaminka na jami'a, in ce ɗalibinsa ya tsorata.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da takwarar Inna. Yaya Babba ma yana gaishe ka, bai san na rubuto ba.

Yayarka da ba ta daina sonka ba.