Kafin Baba Ya Sayar da Shanun

Hajara, sanyin randa da tsakar azahar, inuwar gawo a shekarar da sauran itatuwa suka tuɓe, hadarin da bai taɓa haɗuwa ya watse mini ba! Gaisuwa daga masoyinki, wanda babanki ya yi wa rakiya da sanda.

Na san kin ji, don Matameye ba ta kwana da magana a ciki. Amma ji daga bakin mai laifin. Babanki ya kira ni tasha in duba masa tsohuwar motar da Shekara dillali ya kawo daga Kotonu, wadda Baba yake so ya saya ya sa ta haya a hanyar Damagaram tunda gona ta ƙi. Wayyo, da kin ga wankan da na yi! Na ɗauko balis ɗina, 'yar na'urar nan da nake jonawa ƙarƙashin sitiyari mota ta faɗa mata ciwonta, na rungume ta kamar akwatin lefe. Na jona. Wai babu ciwo. Ko ɗaya! Motar da ta kusa zama sa'arki, ta sha ƙanƙarar Turai, ta sha gishirin teku, ko mura ba ta taɓa yi ba. Masha Allah, waliyyiya!

Sai dai can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, balis ta ce ba a daɗe da share ƙwaƙwalwar motar ba. Ni kuwa da na koyi karatu a jikin kwalin batir da takardar ƙunshin ƙosai, ƙananan baƙaƙe nake fara dubawa. Na ce wa Baba wanke ta aka yi, kamar yadda masu kaki ke hawa mulki su ce an share na baya, gobe ciwon ya dawo da sabuwar hula. Shekara ya tuntsire da dariya, wai yaro yana musu da na'urarsa. Baba ya ce in ƙarfe ya ce lafiya, ni wane ne? A nan ne, hasken idona, harshen nan da kika sha ja mini kunne a kansa ya tsinke igiya. A gaban 'yan tasha na ce wanda bai san mota ba ya riƙe amalankensa. Ga mutumin da nake so ya zama surukina! Wane irin gwanin neman aure ne ni?

Kin tuna ranar layin gero mai rahusa, rana tana dafa ƙwalo, soja yana gyara mana tsayuwa da dorina? Na buɗe baki zan tambaye shi ko geron na kakansa ne, sai kika take mini ƙafa, kika miƙo mini goriba ba tare da kin dube ni ba. Wallahi zaƙinta bai bar haƙorana ba. Ina ƙafarki take ranar tasha, ya kurciyar zuciyata? Me ya sa ba a ba ki aron takalmin soja ba?

Ga roƙona, kuma ba na kaina ba ne. Ran kasuwa Baba zai kai shanun huɗa biyu don ya biya motar. Shanun da kika raya da 'ya'yan gawo da guntun dusa, kina tsinto musu kara har wajen Ɗan Barto! In ruwa ya tuna da mu baɗi, da me za ku yi huɗa? Da taya?

Kada ki ambaci sunana, yanzu ya fi hayaƙin salansa ɗaci a gidanku. Ki bi ta wajen Innarki. Ta ce kafin a saya tana so a kai ta Kurni gaida gwaggo Hadiza, da rana tsaka, mota cike da mutane, a je a dawo. Ciwon da aka share ba warkewa ya yi ba, kwanto ya yi. In injin ya yi zafi ya sha gargada, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa za ta kama a gaban direba. Ki zauna inda za ki gan ta. In kuwa Shekara ya fara kawo uzurin tsadar mai, to ya amsa laifinsa da kansa.

Na san abin da nake saya wa kaina. In fitilar ba ta kama ba, na zama maƙaryaci mai hassada. In ta kama, wane dattijo ne zai ba da 'yarsa ga yaron da ya fi shi gaskiya a gaban 'yan tasha? Ko ta ina na faɗi, farin watana, kuma da idona buɗe nake faɗuwa. Zan je in durƙusa masa, zan nemi gafarar bakina, amma ba zan ce motar lafiyarta ƙalau ba ko da a kan haka za a ɗaura mana aure.

Ki ceci shanun, Hajara. Ni zan iya jira, ko ba a ba ni dusa ba.

Naki, da fari da damina, har a turbuɗe ni,
Muntaka