Littafin Waƙoƙin Masunta

Daren Laraba, Haɗejiya

Yau Malam Sule mai sayar da littattafai ya zo laburarenmu daga Auyo da littafin waƙoƙin masunta na ajami. Kwafi uku suka rage masa, ambaliya ta cinye sauran.

Na kai wa shugabanmu, ya ce yanzu na intanet kawai muke saye. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai ɗora wannan a intanet?" Bai ko ɗago kai ba. Har yanzu raina a ɓace yake.

Da Malam Sule zai tafi, ya bar min kwafi ɗaya, ya ce, "Hajiya, ajiye. Nan ya fi gidana tudu."

Ga shi a jakata. Ba ni da ikon sa shi a kan kantar laburare.