Motar da ke ƙarƙashin mangwaro

Zuwa ga yayana Ishaya,

Ina gaishe ka da gaisuwar ƙanwa ga yayanta, cikin sunan Ubangijin da ka riga ni zuwa wurinsa. Shekara uku ke nan da muka kai ka makwancinka, kuma sai yau na sami ƙarfin zuciyar ɗaukar biro. Mutanen gida suna lafiya, sai dai matarka Saratu da gwiwoyi suka sa gaba. Ni ma tsufa ya kama ni sosai, amma bakin nan da ka sani bai mutu ba.

Maganar motarka ce ta sa na rubuto. Tana nan inda ka bar ta a ƙarƙashin mangwaro, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji sun mai da kujerar gaba wurin yin ƙwai. Ɗanka Yohanna yana so ya gina wa uwarsa ɗaki a daidai wurin, domin ba ta iya hawa matakalar tsohon ɗakinku, kuma duk gidan babu wani fili sai nan. Ka san al'adarmu: ba a taɓa kayan mamaci sai ɗan ɗakinsu da ya rage ya buɗe baki. A cikin 'ya'yan Mama bakwai ni kaɗai na rage. Sau uku yaron nan yana zuwa ya durƙusa a gabana, sau uku ina ce masa a bari tukuna.

Ka tuna ranar da ka fara shigo da ita unguwarmu? Baturiyar nas ɗin da kake yi wa direba a asibitin mishan ce ta bar maka ita da za ta koma ƙasarsu. Motar koriya ce, bayanta a tanƙware, injinta a baya, shi ya sa yara suka sa mata suna Kunkuru. Mama ta zagaya ta sau biyu, ta buɗe gaba ta ga babu komai a ciki, ta ce an cuce ka, an ba ka mota ba hanji. Ranar har ma'aikatan jirgin ƙasa sai da suka tsaya kallo, su da kullum suke hura mana hanci.

Abin da baturiyar ba ta bar maka ba shi ne batir mai kyau. Kunkuru ba ta tashi sai an tura ta. Saboda haka duk inda ka je sai ka nemi gangara ka juya mata hanci ƙasa, ko da za ka yi sauran tafiyar da ƙafa. Ranar Lahadi a can saman tudun coci kake ajiye ta, ka sa dutse a gaban taya. In an tashi sujada samarin ƙungiyar mawaƙa su tura, kai kana ciki kana ta ba da umarni.

Wata Lahadi muka tsaya share coci har kowa ya watse, ya rage ni da kai. Ina da shekara goma sha shida, ina sanye da farar rigar mawaƙa. Na tura, na tura, ko motsi ba ta yi ba, saboda ruwan safe ya jiƙa ƙasa. Sai ka dube ni ka ce mai ƙarfi shi ne da turi, ƙarami shi ne da sitiyari. Ka zaunar da ni, ka nuna mini kuloci, ka sa giya ta biyu, ka ce in na ji ka buga bayan motar in ɗaga ƙafar hagu in taka totur da ta dama.

Yaya, ka koya mini yadda ake tayar da mota, ka manta ba ka koya mini yadda ake tsayar da ita ba.

Ka buga, na ɗaga, ta yi tari ta kama. Na gangara da ita, na wuce gidan fasto, na wuce masu sayar da rake, na miƙe hanyar tasha. A madubi ina hango ka kana bi na a guje da takalminka na zuwa coci, kana ɗaga hannu kana faɗin abin da ba na ji. Mata suna janye 'ya'yansu daga hanya. Wani tsoho ya sauka daga kekensa ya tsaya baki buɗe, domin bai taɓa ganin yarinya a bayan sitiyari ba. Sai da na zo hawan tudun da ke gaban kasuwa na cire ƙafafuna duka biyu don tsoro, ta yi shiru da kanta.

Ka iso kana haki, ka leƙo, ka tarar da ni ina dariya. Ka ɗauka ruɗewa ce. To yau zan gaya maka gaskiya: daɗi nake ji. Tun da aka haife ni ban taɓa jin abu ya bi hannuna haka ba. Daga baya na yi aure, na haifi biyar, na koyar da yara har na yi ritaya, kuma na gode wa Allah da duk wannan. Amma irin abin da na ji a wannan 'yar tafiyar bai sake zuwa mini ba.

Baba bai ce mini komai ba, kai ya kira ɗaki. Dattawan coci ma suka zaunar da kai a bencin baya har wata guda. Ba ka taɓa cewa laifina ne ba. Sai dai duk lokacin da muka haɗa ido a wurin cin abinci, ka taka ƙasa da ƙafar dama ka ce a hankali, birki a tsakiya yake. Har muka yi furfura kana tsokanata da wannan.

Makon jiya na je na ga Saratu. Na tarar an shimfiɗa mata tabarma a ɗakin ajiye citta, a nan take kwana tun damina, domin shi kaɗai ne ba shi da matakala. Ba ta yi mini ƙorafi ba, har cewa ta yi ƙamshin cittar yana mata maganin mura. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Ina ta gaya wa kaina wai amanarka nake riƙewa, alhali kai ba ka taɓa lallaɓa motar nan ba. Kai ne ka cire kujerar baya don ka ɗauko buhunan citta daga Kwoi. Mata nawa ka kai asibiti suna naƙuda, amare nawa ka kai coci. Da kana nan, da tun ranar da gwiwar Saratu ta fara ciwo ka sa an janye ta.

Jiya na kira Yohanna na ce na yarda. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo ranar Alhamis. Ya yi ta godiya, ya tambaye ni ko akwai abin da nake so a cire mini don tunawa. Na ce babu, kuma ba zan zo ranar ba. Ban gaya masa dalili ba, don ba zai gane ba. Shi tun da ya buɗe ido Gwaggo ya san ni, mai sanda da yawan faɗa. Baba ya tafi, Mama ta tafi, mawaƙan nan duk sun tafi, kai ma ka bi su. Daga ranar Alhamis, duk Kafanchan babu sauran abin da ya san na taɓa zama yarinya.

Ubangiji ya ba ka hutu a wurinsa. Ya ba Saratu sauƙi, ya sa ta daɗe tana jin daɗin ɗakinta. Ya gafarta mini shekara ukun da na sa ta jira. Ni kuma ya riƙe hannuna har ranar da zai kira ni.

Ƙanwarka da ke kewarka,
Rifkatu