Hannun Baba na Hagu

Litinin, 3 ga Maris
Na auna jinin Baba kafin in fita, ya ɗan sauka. Na aske masa gemu, na juya shi wajen taga. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, hannun hagu kaɗai ke aiki, magana kuwa babu. To, da can ma wace magana yake yi? Tun ina yarinya a kujera na san shi, yana kallon bango, muna cewa halinsa ne. A shago na wuni ina buga takardun mutane, ban ce wa kowa komai ba sai "kwafi nawa?"

Laraba, 5 ga Maris
Ƙeyata na sara tun safe. Na kwanta da kayan aiki a jikina.

Asabar, 8 ga Maris
Nas ɗin da ke zuwa duba Baba ta ga kwalin maganina na ciwon damuwa a kan firij. Ta ce tun yaushe? Na ce an daɗe. Wai masu irin ciwona su riƙa lura, damuwar da ta daɗe ba a rai kaɗai take tsayawa ba, tana iya cin jiki a hankali: hawan jini, suga, ciwon zuciya. Ta kalli Baba, ta kalle ni. Wai in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta... Na ce, "Malama, ni ba ni da gemu." Ta miƙo abin awon, na ce na bar ruwa a kan wuta.

Talata, 11 ga Maris
Yaya ya kira. "Ya jikin Baba?" Da sauƙi. "Allah ya ba ki lada, ƙanwata." Ƙit, ya kashe. Ni ai jikina na ƙarfe ne, shi ya sa ba a tambaya.

Lahadi, 16 ga Maris
Abin da ban gaya wa nas ba: ba tsoron awon nake ba, ban damu ba ne kawai. Amma yau ina ba Baba abinci jiri ya ɗebe ni, na zauna daɓas a ƙasa da cokali a hannu. Shi yana da ni. In na faɗi a ɗakin nan, wa zai juya ni? Wa ma zai juya shi? Wallahi kaɗaici ya ishe ni. Baba na ta kallona, idonsa ya yi ja.

Alhamis, 20 ga Maris
Yau tsohon nan ya yi mini tawaye. Na kawo abin awo, ya ƙi ba da hannu. Na lallashe shi, na yi faɗa, na ce zan makara. Sai ya cafki ɗamarar awon, ya tura ta kan damtsena. Na ce, "Baba, don Allah ka bari." Ya sake turawa, yana gurnani, miyau na zuba. Mutumin da bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba!

Na ɗaura. Nawa jinin ya fi nasa hawa. Na kife na'urar, amma ina, ya riga ya gani. Ya riƙe wuyan hannuna, bai saki ba har na makara da gaske. Na yi kukana a shago, ƙarar injin kwafi ta rufa mini asiri.

Juma'a, 21 ga Maris
Yau ma sai da na fara auna kaina. Rigimamme kawai.

Litinin, 24 ga Maris
Maganin Baba kaɗai na je karɓowa asibiti. Layin ganin likita ba tsawo, ƙafata kuma ta gaji, sai na zauna. Shi ke nan fa, ba wani abu ba. An ba ni wasu 'yan ƙwayoyi, wai kullum, kuma in koma a sake dubawa. Zan gani.

Da na dawo na nuna masa, na sa masa nasa a baki. Bai haɗiye ba. Ya riƙe a kan harshe, yana kallon kwalina. Na san ɗacin maganin nan, sai yamutsa fuska yake, amma ya ƙi ruwa.

Dole na yi sauri na sha nawa.