Sun Cinye Tuwona, Dije

Zuwa ga Dije,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mai rai ga wadda ta riga shi, da fatan Allah ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina raye ma sai an karanta miki, kuma na san da cewa za ki yi in daina ɓata biro in faɗa miki da baki. To bakin ne yanzu babu wanda zan buɗe wa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma nawa ya cika, kuma ba da tuwo ba.

Bari in fara da labarin gida. An sako ruwa da wuri bana, sai dai ciyawar kacala ta toshe kanal ɗin da ya bi ta bayan gonarmu, sai da aka yi gayya aka shiga da lauje. Tumatir ya yi kyau, ya kuma faɗi warwas a kasuwa kamar yadda ya saba. Jar akuyarki ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba. Tukunyar da kike turara shinkafa tana nan a kife, matan unguwa sun aiko aro na hana. 'Yarki Rabi tana lafiya a ɗakinta a Garun Malam, ta sake haihuwa, an yi miki takwara. Babban labarin kuwa shi ne ɗanki Babangida ya dage sai na rufe gidan nan na koma wurinsa Kumbotso. Da farko na rantse a raina ba inda za ni, ko sama da ƙasa za su haɗe.

Kin san abin da ya riƙe ni a garin nan? Ba gona ba ce, gwiwoyina sun daɗe da sallamar ta. Ciyayya ce. Ke ba ki taɓa ganin ta da idonki ba, kina daga ciki, sai dai ki ga langa ta fita a cike ta dawo wayam. Da an idar da sallar magariba ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan taubashina Idi, kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa, a jera, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Ba a tambayar wannan na wane ne, loma ɗaya ta isa a gane. Wanda gishiri ya zarce a miyarsa ranar ya shiga uku, Idi zai ce a kira Fulani su kawo shanu su lasa. Wanda tuwonsa ya yi ruwa a ce a miƙo ludayi. Kwanon da bai yi ba da saura yake komawa, mai shi ya ɗauka yana dariyar yaƙe, gobe ya rama a kan wani. Ba a raga wa kowa, har liman. Langarki kuwa ita ake bari ƙarshe, don kowa ya tashi da ɗanɗanon daddawarki a baki.

Da kika tafi, kwanuka suka yi ta shigowa daga maƙwabta har bayan sadakar arba'in. Matar Idi ba ta taɓa fashi ba, Allah ya saka mata. Amma ki gaya min, Dije, ta yaya zan ɗauki miyar gidan Idi in kai wa Idi a ƙofar gidansa in ce ga nawa? Ko in fita hannu rabbana in zauna in ci na mutane, ni da aka yi shekaru ana jiran kwanona? Sun ce ba komai, in fito kawai. Na fita na ɗan lokaci, amma lomar ba ta wucewa. Sai na fara fakewa da ciwon gwiwa, ana sallame salla in shige gida.

An kawo min maganar aure, har an ambaci wata bazawara a Bunkure. Tun kafin in buɗe baki Babangida ya ce ai babu buƙata, shi zai ɗauki nauyin cina. Na san rabon gado ya hango, shi ma ya san na sani. Ni ma ɗin ba so nake ba, amma da ya bari na ƙi da bakina. Nauyin da ya ɗauka kuwa shi ne ya yi magana da wata mai sayar da abinci a bakin titin Kura, kullum da yamma ɗan acaba ya kawo min shinkafa da miya a farar roba, da cokalin roba, a ɗaure a leda. Ni, Dije! Ni da buhunan shinkafar gonata suke jibge a ɗaki. Abincin ba shi da laifi, kar in ɗauki alhakin baiwar Allah. Amma abincin sayarwa ba ya zuwa tabarmar ciyayya, kowa ya san wannan. A tsakar gida nake ci, ni da kaji.

Yanzu zan faɗi abin da na haɗiye tun kina raye. Ke kika jawo min wannan. Eh, ke. Lokacin da yaron nan zai yi aure na ce a gyara masa ɗakunan kudu, ya ajiye matarsa a nan, ya riƙa zuwa aikinsa birni yana dawowa, ga motoci nan kamar ƙasa. Kika ce a'a, 'yar birni ce, hayaƙin itace zai ɓata mata ido, a bar yara su yi zamansu na zamani. Mutane suka yi ta yabonki, wai ga suruka ta gari. Ni na san gaskiyar magana. Ba kya son hannun kowa a tukunyarki ne. Ko Rabi da kika haifa sai da ta kusa aure kika bar ta ta kaɗa miya, shi ma kina tsaye a kanta. Kin so a ce duk abin da ya fita a langar nan hannunki ne, kuma an ce ɗin. To ga shi kin tafi da hannun naki, kin bar min murhu da toka. Ba ki taɓa tunanin wa zai tuƙa in ba kya nan ba? Ko kin ɗauka ni zan riga ki? Wallahi ni ma haka na ɗauka. Allah ya yafe mana ni da ke.

Ana nan, wata Asabar sai ga Babangida da matarsa da 'ya'yansu, har da Rabi da jaririyarta, wai sun zo su fita da ni cin abinci birni. Ki ji wauta irin ta tsoho, murna na yi. Na sa farar rigar nan tawa ta Salla. Na ɗauka yau zan ga 'ya'yana da jikokina sun kewaye abinci guda kamar da. Har cewa na yi a tsaya a ɗebi tumatir da albasa a zuba musu a but ɗin mota.

Gidan abincin duk gilashi ne, ga sanyin esi har cikin ƙashi. Aka zaunar da mu a kujeru, aka miƙa wa kowa takarda ya zaɓi abin da zai ci. Kowa nasa daban, kin ji. Wannan shawarma, wancan soyayyen dankali da kaza, matar Babangida kuwa wani ɗanyen ganye da ko zomo sai ya yi shawara. Ni aka ce a kawo min tuwo tunda shi na sani. Ya zo a naɗe a leda, 'yar malmala kamar ta mai jinya, da cokali a gefe. Ban ji wanda ya ce bismillah a fili ba. Sai na yi wa ƙaramin jikanki wasan da kowane kaka yake yi, na miƙa hannu na ɗauki dankali ɗaya a farantinsa. Yaro ya fasa ihu, wai nasa ne. Mutanen teburin kusa suka juyo suna kallo. Uwarsa ta ce in yi haƙuri, bari a sayo min nawa. Haba! A gidan da ubansa ya tashi, tsoka ɗaya nake yagawa in miƙa wa kowa, a karɓa da hannu biyu.

Sai da na kai loma baki sannan Babangida ya gyara murya. Wai sun yi shawara shi da Rabi. Wai zamana ni kaɗai ba tsari ba ne, ga hawan jini, ga gwiwa, ga mutane suna zagin su. Wai an gyara min ɗaki a gidansa mai banɗaki a ciki, gona a ba da ita haya, gida a rufe. Yana magana a hankali yana murmushi kamar mai yi min albishir. Rabi ta sunkuyar da kai tana ta gyara wa jaririya hular da ba ta karkace ba.

A nan na gane dalilin fitar. Da a zaurena ne, ina kan buzuna, ya isa? Tsawa ɗaya zan yi masa ya nemi takalmansa. Shi ya sa suka ɗauko ni suka kawo ni inda ban san ƙofar fita ba, a bainar baƙi, inda kowa yake magana ƙasa-ƙasa, ga tuwon da ya saya a bakina. Wa zai ɗaga murya a nan? In yi faɗa a ce tsohon ƙauye ya zo birni ya yi abin kunya? Ɗanki ya san ni sarai, ya san kunya ta fi ƙarfina. Wayonki ya gado, ba nawa ba. Na ce to, zan duba. Suka sa wata ma'aikaciyar wurin ta ɗauke mu hoto, aka ce in yi dariya, na yi. An ce hoton ya zaga dangi a waya, ana ta sa musu albarka, wai sun fita da Baba.

Na dawo gida raina a ɓace. Na ce sai na nuna musu ni ba kayan ɗaki ba ne da za a kwasa a mota. Idan rashin kwano ne ya raba ni da mutane, to zan fitar da kwano. Shekaranjiya bayan la'asar na sa sakata a ƙofa, na shiga ɗakin girkinki. Da ƙyar na hura wuta, hayaƙi ya sa ni hawaye, na ƙyale su suka yi ta zuba tunda na sami hujja. Na sha ganin kina talge kina tuƙi, na ɗauka gani iyawa ne. Ina! Garin masara ya dunƙule, na yi ta dukan sa da muciya, gudaji suka ce ba inda za su. Ƙasan tukunya ya kama, ƙauri ya tashi. Kukar miya kuwa gaba ɗaya na juye ta, ta yi ƙulli-ƙulli, gishiri na sa na manta na sake sawa. Na ɗanɗana. Dije, ko akuyarki ba za ta ci ba.

Amma na kwashe a langarki na rufe, kuma wallahi da farin ciki na fita. Ina tafe ina dariya ni kaɗai, don na san abin da yake jira na. Idi zai ce a ɗaura min zane a nemo min miji. Wani zai ce a kwashi gudajin a cike ramukan hanyar Bunkure. Za a daɗe ana yi da ni. Har na tanadi abin da zan mayar masa, labarin lokacin da matarsa ta yi yaji ya koma shan garin kwaki a ɓoye. Yunwar wannan nake ji, ba ta tuwo ba.

Na ajiye langa a layi na zauna. Da aka zo kanta Idi ya buɗe. Ƙaurin ya bugi kowa, na ga hancin liman ya motsa. Idi ya gutsura ya kai baki, yana taunawa ina ganin ɗanyen gari a leɓensa. Na zuba masa ido ina jira. Sai ya haɗiye, ya ce ma sha Allah, tuwo ya yi. Na kusa da shi ya ce ai miyar ma ba laifi. Shi ke nan. Babu wanda ya tambayi wa ya dafa, don kowa ya sani. Babu wanda ya kalle ni. Suka sunkuya suna ci, shiru kamar a zaman makoki, dattawa da furfurarsu suna tura gudaji da ruwa, har suka suɗe langar tas. Idi fa, Dije. Idin da bai raga min ba ranar da aka ɗaura mana aure, wanda ya yi shekara yana yi min tsiya don na faɗa kanal da babur. Shi ne ya miƙo min langa da hannu biyu yana sa min albarka, yadda ake yi wa maraya.

Da sun bar min saura, da na zauna. Da mutum ɗaya ya tofar ya zage ni, wallahi da Babangida ya gaji da aiko saƙo. Amma wanda aka daina yi wa tsiya a tabarmar nan ya riga ya tashi daga kanta, ko da ana ganin sa a zaune. Tausayi suka ci, ba tuwona ba, ni kuwa ba zan iya fita kullum in zauna ana tausaya min ba. Su ma sallama ta suka yi, sun dai fi 'ya'yanki iya yi ne kawai.

Jiya da safe na kira yaron na ce ya turo motar ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Ya yi ta hamdala, wai dama ya san zan fahimta. Ban fahimci komai ba. Da yamma Idi ya ji labari, ya zo har zaure yana tambayar me ya yi zafi haka, wai ba ga shi na fara fitowa ba. Na dube shi, na ce ai kai ka ce tuwo ya yi. Ya sunkuyar da kai, ya juya ya fita. Ko a nan bai zage ni ba.

Sai wata rana, Dije. Allah ya jiƙan ki, ya sa Aljanna ce makomarki. Fushin da nake yi da ke bai hana ni yi miki addu'a ba, kuma ba zai hana ba.

Ni ne mijinki,
Garba