Rigar da Na Ɗinka wa Kwamfuta

Litinin, 4 ga Agusta
Kwamfutar shago ta sake mutuwa ana tsakiyar aiki. Ita ke juya keken surfani, da ta ɗauke sai allura ta tsaya cak a kan bajon makaranta. Riga ta lalace. Shugabar makarantar tana son kayan ɗalibanta kafin a koma hutu, zanen bajon kuma yana cikin akwatin nan, babu shi a ko'ina.

Laraba, 6 ga Agusta
Tun da 'yata Auta ta bar shagon ta koma gidan kawunta abin nan yake mini tsiya. Ban kore ta ba. Gaskiya na faɗa mata: yarinya ta zauna duk safiyar Asabar ta zuba wa allo ido, hannu a cinya, wai kwamfuta tana sabunta kanta, wai tana kwafe zane. Na ce a gidan ubana wannan zaman banza ake ce masa. Na kashe kwamfutar daga bango. Auta ta dube ni, ta ɗauki jakarta.
Ga kuma rigar karan-miski da na ɗinka wa akwatin don ƙurar zare. Kullum sai ta tuɓe ta ta jefa kan kujera. 'Ya'yan yanzu ba su san darajar kaya ba. Tun tafiyarta ban bar akwatin tsirara ba ko na yini ɗaya.

Alhamis, 7 ga Agusta
Kwamfutar tana kuka kamar injin markaɗe. Na taɓa ta, zafi kamar gindin tukunya. Na yi addu'a na tofa. Ban san me zan danna ba.

Asabar, 9 ga Agusta
Yau ko haske ba ta kawo ba. Shugabar makaranta ta leƙo: "Hajiya, in ba zai yiwu ba ki faɗa mini da wuri, akwai masu yi." Na ce zai yiwu. Da me, oho.

Talata, 12 ga Agusta
Mai gyara ya zo. Ya ɗaga rigar da yatsa biyu, ya ce, "Mama, aurar da ita za a yi?" Ban yi dariya ba. Da ya buɗe, ƙurar zare ta dunƙule a fankar kamar auduga. Ya ce ta baya take shan iska, kuma kashewa daga bango ya taɓa ma'ajiyarta. Zai sa sabuwa, amma abin da ke ciki sai dai haƙuri, in ba wani ya kwafe ba.
Na san wadda ta kwafe. Na ɗauki waya na ajiye. Uwa ce za ta fara kira?

Alhamis, 14 ga Agusta
Na gaya wa ƙanena, kawun nata, ba don ya kai mata ba. Ya ce, "Yaya, ke ko fanka kika samu sai kin ɗaura mata zani." Na ce ya kiyaye ni.

Lahadi, 17 ga Agusta
Ƙanena ya kawo filas ɗin kwamfuta da Auta take kwafe zane a kai, a cikin ambulan. Bajon yana ciki, da sauran zane duka, har zuwa waccan Asabar ɗin. Na ce, ba ta ce komai ba? Ya ce ta gaishe ni, kuma a bar akwatin ya sha iska. Ita dai ba ta zo ba.

Asabar, 23 ga Agusta
An kai rigunan jiya, an karɓa.
Da safe kwamfutar ta rubuta cewa kar a kashe ta. Ga ɗinki jibge, na zauna ina kallon wani ɗan layi a allo yana jan ciki. Maƙwabciyata mai sayar da zare ta leƙo, ta ce, "Maman Auta, yau hutu ake?" Na ce aiki nake.
Karan-miskin na farke shi na cusa masa auduga. Asara ce a yar da yadi mai kyau. Na ɗora a kan kujerar Auta, da ma ta sha cewa tana da tauri.